WA YA GYARA RUFIN ƊAKIN?

Karatu: Markus 2:1-12, Maimaitawar Shari'a 22:1-8

Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, bari ya buɗe Bishara ta hannun Markus, sura 2. Maganarmu ta yau a kan ƙananan yara ce, 'yan shekara uku zuwa bakwai ko takwas, waɗanda har yanzu suke bin mu duk inda muka sa ƙafa.

Yawancinmu mun san labarin. Yesu ya koma Kafarnahum, garin masunta a bakin Tekun Galili, sai mutane suka cika gidan da yake har ba wurin tsayawa ko a bakin ƙofa. Ga waɗansu mutane huɗu ɗauke da wani shanyayye a kan shimfiɗarsa. Suka nemi hanya, ba hanya. Rufin gidajen ƙasar a wancan zamani shimfiɗaɗɗe ne kamar na soro a wurinmu: a jera itace, a shimfiɗa rassa a kai, a zuba ƙasa a daddaɓe. Mutanen nan suka hau sama, suka buɗe rufin daidai inda Yesu yake, suka saukar da mutumin a gabansa. Markus ya gaya mana cewa bangaskiyarsu ce Yesu ya duba. Mutumin da aka shigo da shi a ɗauke ya fita da ƙafafunsa, an gafarta masa zunubansa, ga shimfiɗarsa a hannu.

Wata Lahadi muna ba yara wannan labari a Makarantar Lahadi. Da muka gama, wani yaro ɗan shekara shida ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to wa ya gyara wa mai gidan rufinsa?" Sauran yara suka fashe da dariya. Kafin mu ba shi amsa, wata yarinya ta ce, "Malam, da ya suɓuce musu ya faɗo fa?" Mun karanta wannan sura shekaru da yawa, amma ba mu taɓa yi wa kanmu waɗannan tambayoyi biyu ba. Markus bai tsaya a kansu ba, gama hankalinsa yana kan ikon Yesu na gafarta zunubi. Duk da haka yaran sun ga gaskiya. Wanda ya tashi taimakon abokinsa, dole ya riƙe shi da lura kada ya faɗi, in kuwa ya ɓata wani abu a hanya, dole ya koma ya gyara. Taimako da gyara da lura tafiyarsu ɗaya ce, kuma ita ce ƙaunar maƙwabci in ta sauko daga baki zuwa hannu. Su muke so mu duba ɗaya ɗaya.

TAIMAKON ABOKI

Allah ya sa son taimako a zuciyar ƙaramin yaro tun kafin ya iya magana sosai. Uwa tana shara, ɗan shekara biyu ya ɗauko tsintsiya ya bi ta. Uba yana gyaran keke, yaro ya tsuguna yana miƙa masa abin da bai ma roƙa ba. Me muke cewa? "Kai, tashi nan, za ka ɓata mini aiki!" Gaskiya ne, zai rage mana sauri. Amma in muka kore shi sau goma, sau ashirin, ran da ya kai shekara goma sha biyu muka kira shi aiki, sai mu ga ya noƙe, mu ce yaran yanzu ba su da kirki. Mu ne muka kashe abin da Allah ya shuka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Littafi Mai Tsarki bai raina taimakon yara ba. 'Yar'uwar Musa yarinya ce sa'ad da ta tsaya daga nesa tana tsaron ƙanenta a bakin Kogin Nilu, ita ce kuma ta yi dabarar kira wa 'yar Fir'auna mahaifiyarsu ta shayar da shi. 'Yar yarinyar da aka kamo daga Isra'ila ce ta faɗa wa matar Na'aman inda maigidanta zai sami warkewa daga kuturta. A Yahaya sura 6, ɗan yaro ne yake da gurasa biyar na sha'ir da kifi biyu waɗanda Yesu ya ciyar da mutum wajen dubu biyar da su. Ba ɗayansu da ya yi abin da ya fi ƙarfinsa. Ɗaya ta tsaya ta sa ido, ɗaya ta faɗi abin da ta sani, ɗaya ya ba da abin da ke hannunsa.

Haka za mu fara da namu. Ɗan shekara uku yana iya kai wa baƙo ruwa a moɗa, ya ɗauko wa kakarsa takalmi. Ɗan shekara biyar yana iya ɗaga abokinsa da ya faɗi, ya karkaɗe masa ƙura, ya raba ƙosai biyu da wanda bai zo da kome ba. Ɗan shekara bakwai yana iya kama wa maƙwabciya tulu ta ɗora a ka, ko ya koro akuyar maƙwabci da ta tsinke. Wannan na ƙarshe ma yana cikin Shari'ar Musa. A Maimaitawar Shari'a 22 an umarci Ba'isra'ile in ya ga sa ko tunkiyar ɗan'uwansa ta ɓace, kada ya kau da kai kamar bai gani ba, sai ya komar masa da ita. In jakin ɗan'uwansa ya faɗi a hanya, ya taya shi tashe shi. Kau da kai kamar ba a gani ba, wannan shi ne zunubin da muke so yaranmu su tsana.

Akwai abu guda da za mu kiyaye. Kada mu koya wa yaro zaɓen wanda zai taimaka. Yaran unguwa suna wasa tare, ɗan Kirista da ɗan Musulmi, ɗan wannan kabila da ɗan waccan, ba ruwansu. Daga bakinmu suke fara jin cewa wane ba namu ba ne. Yesu kuwa, da aka tambaye shi wane ne maƙwabci, Basamariye ya ɗauko ya yi misali da shi, mutumin da Yahudawa ba sa shan ruwa da shi. In ɗanmu ya dawo ya ce ya taimaki abokinsa, kada tambayarmu ta fari ta zama, "Ɗan gidan wa ne?"

GYARAN ABIN DA YA ƁACI

Ubangijinmu ya yi shekaru yana aikin sassaƙa a Nazarat kafin ya fara wa'azi, har mutanen garin suka san shi da wannan sana'a. Mai sassaƙa a ƙauye ba sabon kaya kaɗai yake yi ba. Ana kawo masa ƙofar da ta karkace da karkiyar da ta tsage. Sa'ad da ya kira Yakubu da Yahaya, 'ya'yan Zabadi, a cikin jirgi ya same su tare da mahaifinsu suna gyaran taruna. A littafin Nehemiya sura 3, an jera sunayen waɗanda suka gyara garun Urushalima, har da maƙeran zinariya da masu yin turare, da yawa kuwa sun gyara wurin da yake daura da gidajensu. Aya 12 ta ambaci Shallum, mai mulkin rabin yankin Urushalima, wanda ya yi aikin tare da 'ya'yansa mata. Cikin kwana 52 aka gama garun. Allah bai ga ƙasƙanci a aikin gyara ba, har ya sa aka rubuta sunayen masu yinsa.

Iyayenmu ma haka suka rayu. Ƙwarya in ta tsage ba a yar da ita, sai a kai wa gyartai ya ɗinke. Kafin damina a yi yaɓe, a duba indararo, a tayar da dangar da ta kwanta. Ƙotar fartanya in ta karye a sake wata. Yaro yana gani, shi ma ya zauna da kara da ƙaya yana gyaran motarsa ta wasa. Yau kayan roba sun yi yawa, kome ya fashe sai a jefar a sayi wani. Yaron da ya tashi yana ganin haka, zai ɗauka abokantaka ma haka take, aure ma haka yake: in ya tsage, a yar.

Amma babban abin da yake hana yaro koyon gyara shi ne tsoro. Bari mu faɗi laifinmu. A gidanmu an taɓa aiken wata yarinya 'yar shekara bakwai ɗiban ruwa, tulu ya suɓuce mata ya fashe. Ba ta dawo gida ba. Magariba ta yi, muka fita da fitila muna nema, har muka fara zaton rijiya. Can muka same ta a bayan rumbu, ta ƙudundune tana rawar jiki, ga yanka a tafin ƙafarta inda ta taka katangar tulun, jini ya bushe da ƙasa. Muka ce, "Me ya hana ki zuwa ki faɗa?" Ta ce, "Baba, na san za a doke ni." Ranar ba mu yi barci da wuri ba. Tulu nawa ne a kasuwa? Mun koya wa yarinya cewa tulu ya fi ƙafarta daraja a wurinmu, ba mu kuwa sani ba.

Yaron da ake duka a kan kowace ɓarna yana koyon abu biyu, ɓoyewa da ƙarya. Haka Adamu ya yi a gonar Adnin, ya ɓuya, da aka tambaye shi kuma ya tura laifi kan matarsa. Ku duba wani labari dabam a 2 Sarakuna sura 6. Almajiran Elisha suna saran itace a bakin Urdun, sai ruwan gatarin ɗayansu ya fice ya faɗa cikin kogi. Nan take ya yi kuka ga maigidansa, ya faɗa masa cewa aro ya yi. Bai ɓoye ba. Elisha kuma bai zage shi ba, ya tambaye shi inda ya faɗa. Ga tarbiyya a nan: almajiri ya san nauyin kayan aro, malami kuma ya sa hankalinsa ga yadda za a maido da shi.

Ba mu ce kada a hori yaro ba. Akwai bambanci tsakanin tsautsayi da ganganci da taurin kai, iyaye masu hikima kuwa sun san bambancin. Amma in yaro ya zo da kansa ya ce, "Mama, na fasa," abu na fari shi ne mu duba ko ya ji ciwo. Na biyu, mu yaba masa don ya faɗi gaskiya. Na uku, mu ce, "Zo mu ga yadda za mu yi." In ya zubar da ruwa, shi zai ɗauko tsumma. In ya yage littafin abokinsa, mu zauna tare mu liƙe, shi kuma ya kai da hannunsa ya ce, "Yi haƙuri." In ya karya motar wasan wani, ya taya shi yin wata. Ta haka yake koyon cewa roƙon gafara ba a baki yake ƙarewa ba. Zakka mai karɓar haraji, da ya tuba, ya yi alkawarin maida wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Yaron da ya saba gyara abin da ya ɓata, ba zai sha wuyar gane tuba ba sa'ad da aka yi masa wa'azinta.

LURA DA KIYAYEWA

Waɗansu suna zaton yawan lura rashin bangaskiya ne. Sukan ce, "Allah zai kiyaye," su bar rijiya a buɗe. Maganar Allah ba ta koyar da haka ba. A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci wanda ya gina sabon gida ya ja rawani kewaye da rufin, don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. A Fitowa 21, wanda ya haƙa rami bai rufe ba, dabbar wani ta faɗa, shi zai biya. A Fitowa 22, wanda ya kunna wuta ta bazu ta cinye hatsin wani, shi zai biya. Shaiɗan ne ya ce wa Yesu ya diro daga ƙwanƙolin Haikali wai mala'iku za su tare shi, Yesu kuwa ya ƙi, ya kira wannan gwada Allah. Ku tuna da Mefiboshet ɗan Jonatan. Yana ɗan shekara biyar mai renonsa ta ɗauke shi don ta cece shi, amma cikin gaggawa ya faɗi, ya gurgunce har ƙarshen ransa. Nufinta mai kyau ne. Kyakkyawan nufi ba tare da lura ba yakan bar tabon da ba ya gogewa.

A nan ne maganar ta fi nauyi, gama yaron da muka koya wa ƙaunar abokinsa, shi ne zai fara yin tsalle cikin kududdufi in abokin ya nutse. Sau nawa muka ji an binne yara biyu rana ɗaya, na biyun ya mutu garin ceton na farin? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Saboda haka in mun koya wa yaro taimako, dole mu koya masa iyakarsa. Mu maimaita masa har ya haddace kamar ayar Makarantar Lahadi: in abokinka ya faɗa ruwa ko rijiya, kada ka bi shi. Yi ihu, ka kira babba. In akwai jarka marar kome mai murfi a kusa, jefa masa ya riƙe. In wutar lantarki ta kama wani, kada ka taɓa shi, ruga ka kira babba. In ka ga maciji, ja da baya. In ka tsinci ƙwayar magani, kada ka sa a baki, kada ka ba ƙanenka. Mu tabbatar masa cewa gudu zuwa kiran babba ba tsoro ba ne, shi ne taimakon da ya fi kowane. 'Yar'uwar Musa ba ta shiga kogi ba, mahaifiyarta ta kira.

Mu manya ma akwai abin da ya kamata mu sani. In yaro ya ƙone da wuta ko ruwan zafi, a riƙa zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta har wajen minti 20, kada a shafa manja ko ƙwai ko gishiri, sa'an nan a kai shi asibiti. In ya sha kananzir, kada a sa shi amai, gama yana iya shiga huhunsa, a hanzarta zuwa asibiti. Amma rigakafi ya fi magani. Me ya kai kananzir cikin kwalbar lemo a inda hannun yaro yake kaiwa? Me ya sa rijiyar tsakar gida ba ta da murfi? Me ya sa muke barin 'yar shekara shida da goyo a baya kusa da tukunyar da take tafasa? Rawanin da Shari'a ta ce a ja wa rufi, a gidanmu shi ne murfin rijiya, da ajiye wuƙa da ashana da magani a sama. Ba za mu ɗora wa yaro nauyin da yake namu ba.

YADDA ZA MU FARA

Yaro ba ya koyon waɗannan abubuwa daga wa'azi, ko da na rediyo ne. A gefenmu yake koya. A wata ikkilisiya da muka yi sujada, akwai bencin yara da ƙusa ta fito a gefensa. Watanni kowa yana wucewa, kowa yana cewa ya kamata a gyara, har ta yage rigar wata yarinya ta karce mata cinya. Wani dattijo kafinta ya zo ran Asabar da guduma. Bai yi aikin shi kaɗai ba, ya kira yara huɗu. Ɗaya ya riƙe masa gwangwanin ƙusoshi, biyu suka danne bencin, ɗaya ya zagaya sauran bencuna yana shafawa a hankali yana neman wata ƙusa. Ya nuna musu inda ake kau da yatsu kafin a buga. Da suka gama ya ce, "Jikokina, don wa muka yi wannan?" Suka ce, "Don kada wani ya ji ciwo, Kaka." Cikin rabin sa'a sun koyi taimako da gyara da lura gaba ɗaya.

Kowannenmu yana iya yin haka a wannan mako. Mu zaɓi abu ɗaya da ya lalace a gida, ko maɓallin riga, ko igiyar guga, ko ƙafar kujera, mu kira yaro mu gyara tare, mu ba shi aikin da ya yi daidai da shekarunsa. Mu zaga gida tare da shi muna tambaya, "Me zai iya ji wa ƙanenka ciwo a nan?" Za mu yi mamakin abin da idonsa zai gani. Da dare lokacin addu'ar iyali, mu tambaye shi wa ya taimaka yau, mu gode wa Allah tare. Zumuntar Mata da malaman Makarantar Lahadi, ku ma ga aiki a gabanku. In kuwa mu ne muka yi wa yaro laifi, muka doke shi a kan abin da bai yi ba, mu ce masa, "Yi haƙuri." Girmanmu ba zai ragu ba, shi kuma zai ga yadda ake gyara da idonsa.

Mu ma ɓatattu ne, Allah bai yar da mu ba. Ya aiko Ɗansa ya neme mu a inda muka ɓuya, ya ɗauki ɓarnarmu a kan gicciye, ya sulhunta mu da Uba. Wanda aka yi wa irin wannan jinƙai bai kamata ya zama abin tsoro ga ɗan da ya fasa tulu ba.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin yaran da ka ba mu amana. Ka gafarta mana inda muka kore su sa'ad da suka zo taya mu aiki, da inda fushinmu ya koya musu ɓoye laifi. Ka ba mu haƙuri mu koya musu, ka buɗe idanunmu mu ga hatsarin da yake cikin gidajenmu. Ka ta'azantar da iyayen da suka rasa 'ya'ya ta ruwa ko wuta ko hanya. Ka tsare yaranmu da na maƙwabtanmu, ka sa su tashi da hannuwa masu taimako da zuciya mai gaskiya. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka.